Yadda Ake Jan Ƙugiya Don Kama Kifin Maski Bayan Narkewar Ƙanƙara

A tafkunan arewacin Amurka da kudancin Kanada akwai wani dogon kifi da ake kira maski, mai faffaɗan baki da haƙora masu kaifi irin na tsage. Babba a cikinsu yakan zarce mita ɗaya da kwata. Wanda Louis Spray ya kawo daga Chippewa Flowage ta jihar Wisconsin a 1949 an rubuta cewa ya haura kilo 31, ko da yake har gobe ana gardama a kan wannan awo. Saboda wuyar kamu, masu fatsa na can suna yi masa kirari da kifin jifa dubu goma. Wanda ba ya son kafaɗarsa ta sage da jifa sai ya koma ja: ya saki kifin bogi mai ƙugiyoyi a bayan jirgi, inji na tafiya, abin na rawa a cikin ruwa kamar mai rai.

Kafin a taɓa ruwa, a duba doka, domin kowace jiha da tata. A Minnesota ba a buɗe kamun maski sai Asabar ta farko a watan Yuni, kuma mutum ɗaya zare ɗaya aka yarje masa. A Michigan mutum na iya sa sanda uku. Can kudu, a tafki irin Cave Run na Kentucky, inda sanyi ke saurin sakin ƙasa, tun Maris da Afrilu jirage sun fito.

Daga nan sai neman ruwa mai ɗumi, kuma a ganina nan ne rabin aikin yake. Maski na zubar da ƙwai ne idan ɗumin ruwa ya kai tsakanin digiri 10 zuwa 15 a ma'aunin Salshiyos, a lungunan tafki marasa zurfi masu ciyawa. Ba ya gina sheƙa, ba ya gadin ƙwai. Da an gama, macen, wadda ita ce babba, takan ja jiki ta koma gefe a gajiye, sau da yawa da tabo a jikinta, ta laɓe a bakin sabuwar ciyawa ko inda ƙasa ta fara gangarawa. Ba ta yi nisa ba. Don haka gwani yakan zuba ido a kan ma'aunin ɗumi na jirginsa fiye da akwatin kifayen boginsa. Yakan fara da lungunan arewacin tafki, waɗanda rana ta fi daɗewa a kansu, da masu baƙar laka a ƙasa, da bakin rafukan da ke malalowa ciki. Bambancin digiri ɗaya ko biyu ya isa ya tara ƙananan kifaye a wuri guda, maski kuwa inda abincinsa yake nan yake. Shi ya sa a wannan lokaci sammako bai cika amfani ba. La'asar, bayan rana ta gasa ruwan, ta fi safiya albarka.

Kayan aiki ba su da yawa, amma ba a yi musu rowa. Sanda mai ƙwari wadda kanta ke lanƙwasa, kwarkwaro mai ƙirga tsawon zaren da aka saki, da zare mai kitso mai ɗaukar kilo 35 ko fiye. Tsakanin zare da kifin bogi a ɗaura waya ko kakkauran zaren roba kamar tsawon mita ɗaya, saboda maski kan yi birgima ya naɗe zare a jikinsa, haƙori ko gefen kai ya datse shi.

Kifin bogin kuwa, a rage girma. Da kaka ana jan mai tsawon santimita 30 har fiye, amma bayan narkewar ƙanƙara mai 13 zuwa 18 ya wadatar. Kifin da bai gama farfaɗowa ba ba ya son wahalar babbar loma. Sababbin shiga sukan raina wannan shawara, gani suke babban kifi sai babban abu, su wuni suna ƙona fetur a banza.

Sai shimfiɗa zaruruwa. Inda doka ta yarda da sanda fiye da ɗaya, ana maƙala wasu zaruruwan a jikin ɗan allo mai iyo wanda ke jan su gefe, nesa da jirgi, har su ratsa ruwan da bai fi mita biyu ba ba tare da inuwar jirgi ta firgita kifi ba. Ɗaya kuma a bar shi dab da jirgi, mita uku zuwa shida kacal, cikin kumfar da farfela ke tayarwa. Wanda bai taɓa gani ba zai ce wauta ce, amma maski ba matsoraci ba ne, kuma masu ja a tafkin St. Clair, tsakanin Michigan da Ontario, sun daɗe suna cin moriyar wannan dabara. Zurfin tafkin nan a tsakaice bai kai mita huɗu ba. Ko a ina ne, a tabbata kifin bogi na tafiya sama da maski, ba ƙasa da shi ba, don idanunsa sama suke kallo.

Gudun jirgi ya tsaya wajen kilomita 5 zuwa 6 a awa. Idan ruwa ya ƙara ɗumi a ƙara wuta. Kada a miƙe sambal. A riƙa karkata dama da hagu, ta yadda na waje zai ƙara sauri, na ciki ya lafa. Maski na da halin bin abu a baya yana kallo kawai, sai ya ga tafiyar ta sauya sannan ya kai cafka. Lokaci-lokaci a jawo zare a duba, domin silin ciyawa ɗaya a ƙugiya ya isa ya kashe rawar.

Idan ya cafka, kwarkwaro zai ɗau ƙara. Kada a fizga. Tafiyar jirgi ta riga ta kafa ƙugiya. A rage gudu, abokin tafiya ya naɗe sauran zaruruwa, a jawo kifin ba tare da ɓata lokaci ba zuwa cikin babbar homa, a bar homar a cikin ruwa. Da doguwar filaya ake cire ƙugiya. Wadda ta nutse sosai a datse ta kawai, ƙugiya ba ta da tsada. In za a ɗauki hoto, a tallabe shi a kwance da hannu biyu, kada a rataye shi ta kai. Sannan a mayar da shi, a riƙe gindin wutsiya har sai ya fizge da kansa.

Mafi yawan masu wannan fatsa sakin kifin suke yi, doka ma tana bayansu: a yawancin ruwayen Minnesota, maskin da bai kai inci 54 ba, wato kusan santimita 137, ba a fita da shi daga tafki.