Buɗe Ƙofar Rauta Domin Musayar Fayiloli

Sau da yawa mutum yakan ɗora manhajar qBittorrent ko Transmission a kwamfutarsa da niyyar sauke tsarin Ubuntu ko wani littafi daga taskar Internet Archive, sai ya tarar abin yana ta jan ƙafa, alhali kuwa intanet ɗinsa lafiya lau. Wani lokaci illar tana wajen rauta ne, watau na'urar da ke rarraba intanet a gida.

Asalin mas'alar shi ne, tsarin BitTorrent, wanda Bram Cohen ya ƙago a 2001, an gina shi a bisa ƙa'idar cewa kowane mai karɓa shi ma mai bayarwa ne, saboda haka yana da muhimmanci na waje su sami hanyar iso gare ka. Ita kuwa rauta, da yake adireshi guda tak duniya ta san ta da shi, na'urorin gida kuma ta raba musu adireshin ciki, sai ta zama tamkar maigadin da ba ya shigar da baƙo face wanda maigida ya aika a kira. Idan kuwa kai da abokin musayarka duk haka kuke, to, da wuya ku haɗu.

Maganin wannan shi ne buɗe ƙofa a rautar. Kafin komai, ka shiga shafin rautar ta burauza, wanda akasari yake 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka duba adireshinta na waje. In ya faɗo tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, kamar yadda ake yawan gani a rautoci masu layin waya, to, kamfanin da ke ba ka intanet ya gama ka da jama'a masu yawa a adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT, kuma buɗe ƙofar rauta ba zai yi amfani ba sai ka nemi ya ba ka naka na kanka.

In ka kuɓuta daga wannan, sai ka fara da tsayar wa kwamfutarka adireshin ciki na dindindin a sashen DHCP, domin in ya sauya gobe, aikinka ya ɓaci. Sa'an nan ka zaɓi lambar ƙofa guda tsakanin 49152 da 65535, ka bar tsofaffin nan 6881 zuwa 6889, waɗanda wasu kamfanoni kan taƙaita. Ka rubuta ta a saitin manhajar, ka kuma rubuta ita ɗin dai a sashen Port Forwarding ko Virtual Server na rautar, tare da adireshin kwamfutar, kana mai zaɓen TCP da UDP baki ɗaya, ka tabbata kuma garkuwar kwamfutar, watau firewall, ta yi wa manhajar izini.

Akwai hanyar UPnP mai buɗewa da kanta, amma fa tana bai wa kowace manhaja wannan dama, mai kirki da mai sharri, don haka buɗewa da hannu ta fi aminci. Ƙofa ɗaya ta wadatar, kada a ƙara; kuma a kiyaye haƙƙin masu aiki, a taƙaita musaya ga abin da masu shi suka halatta.