DARASIN LAFIYA: MAGANIN GYAMBON CIKI

Jama'a, darasinmu na wannan wata a kan gyambon ciki ne, wato olsa.

A tumbin mutum akwai ruwa mai tsami da ke narkar da abinci. Idan bangon tumbi ya yi rauni, ruwan nan yakan ci wurin, sai a ji zafi. Idan ya taso maƙogwaro, shi ne ƙwannafi.

Akwai magani mai suna omifirazol. Yana rage ruwan nan don gyambo ya warke. Ana haɗiye shi rabin awa kafin karin kumallo. Kada a tauna.

Amma a kula. Sau da yawa ƙwayar cuta ce ke kawo gyambon, kuma omifirazol kaɗai ba ya kashe ta. Likita yakan haɗa da wasu magunguna na kwana 10 zuwa 14. A shanye su duka, ko da zafi ya lafa.

Mai olsa ya guji asfirin da diklofenak, waɗanda ake sha don ciwon jiki bayan noma. Suna ƙara gyambo.

Wanda ya yi aman jini, ko kashi baƙi kamar kwalta, a kai shi asibiti nan da nan.

Tambayoyi:
1. Yaushe ake shan omifirazol?
2. Waɗanne magunguna mai olsa zai guda?