IDAN TSOHUWAR KWAMFUTA TA ƘI KAMAWA

Jama'a, a ɗakunan ajiya na ma'aikatu da makarantu, da kuma gidajen waɗansu tsofaffin ma'aikata, akwai kwamfutoci waɗanda aka jingine shekara talatin ko arba'in ba a taɓa su ba. Daga cikinsu akwai IBM PC wadda ta fito a Amurka cikin 1981, da BBC Micro ta Ingila ita ma cikin 1981, da Commodore 64 wadda ta biyo baya cikin 1982. Sau da yawa akan tarar da faifai masu faɗin inci 5 da kwata a kusa da su, ɗauke da lissafin kuɗi ko rubutun bincike ko sunayen ɗalibai, ga shi kuwa kwamfutocin yanzu ba su da wurin sa irin wannan faifai. An kuma daina ƙera yawancin kayan gyaransu. Saboda haka wanda ya ƙona irin wannan na'ura da garaje, mai yiwuwa ne ya yi asarar da ba ta da mayarwa.

Abin da wannan darasi ke koyarwa ɗaya ne. Idan na'urar ta ƙi kamawa, kada a yi ta danna makunni. A bi sawun wuta tun daga bango har zuwa cikin na'urar, mataki bayan mataki, domin galibi a kan wannan hanya cutar take. Sannu ba ta hana zuwa.

GARGAƊI

Kafin a taɓa kome, a cire fulogi daga bango. Akwai waɗansu kayan da ake kira kwandansa, aikinsu tara wuta, kuma manyansu suna iya riƙe ta ko bayan an kashe na'ura. Don haka kada wanda bai koyi aikin lantarki ba ya buɗe gidan wuta, watau akwatin da ke karɓar wutar bango yana rage ta. Haka nan tsohon allon kallo mai ƙeya irin na talabijin, a cikinsa akwai wuta ta dubban bolt, tana iya kisa. Waɗannan biyu aikin ƙwararre ne.

MATAKI NA ƊAYA: BANGO DA WAYA

A jarraba soket da fitila ko rediyo a tabbata yana ba da wuta. A duba waya ko ɓera ya ci ta. Fulogi mai ƙafa uku irin wanda muke amfani da shi yana da fis a cikinsa. In ya ƙone a sa wani mai lamba daidai da tasa. Kada a naɗe fis da takardar sigari ko zaren waya, gama fis mai gadi ne, yakan mutu domin na'ura ta rayu. In sabon ya sāke ƙonewa nan take, to, a dakata, akwai cuta a ciki.

MATAKI NA BIYU: KARANTA RUBUTUN BAYA

Wutar gidajenmu a Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Na'urar da aka ƙera domin Amurka, in an sa ta a soket ɗinmu kai tsaye, ƙonewa za ta yi. Waɗansu suna da ɗan makunni a baya mai nuna 115 ko 230, sai a tabbata yana kan 230. Wadda ba ta da shi, kuma an rubuta mata 110 ko 120, lalle sai da taransifoma mai rage wuta. Kada kuma a yi gwajin farko da ƙaramin janareta wanda wutarsa ke hawa da sauka.

MATAKI NA UKU: IDO DA HANCI

A kwance murfi, a duba ciki da haske sosai. A share ƙura da burushi mai laushi, a fitar da gidan zanzaro ko kashin kyankyaso in akwai. Da hunturu jikin mutum yakan tara wata 'yar wuta wadda ke lalata ƙananan kayan na'ura, don haka a riƙa taɓa ƙarfe kafin a kai hannu. Sa'an nan a nemi alamu uku: kwandansa da ta kumbura ko ta tsage, baƙin tabo mai warin ƙuna, da kuma wani gari fari ko kore kusa da batir. Wannan gari alama ce batir ya tsiyaye yana cin hanyoyin tagulla da ke kan babban allo. A cire shi, a kai wa mai gyara ya wanke wurin.

MATAKI NA HUƊU: AUNA WUTA

Ƙwaƙwalwar waɗannan na'urori da bolt 5 take aiki, kuma iyakarta daga 4.75 zuwa 5.25. Da mita irin ta masu gyaran rediyo ake aunawa. A nan kowace na'ura da halinta.

Gidan wutar Commodore 64 a waje yake, yana ba da bolt 5 da bolt 9. In ya tsufa, bolt 5 ɗin nan yakan haura, ya ƙone ƙwaƙwalwar na'urar ba tare da wata alama ba. Wajibi ne a auna shi tun ba a haɗa ba. In ya wuce iyaka a nemi wani sabo.

A gidan wutar BBC Micro akwai waɗansu kwandansa na takarda waɗanda kan tsage da tsufa, su sha laima, su fashe da hayaƙi mai wari. Abin yana da ban tsoro, amma sau da yawa sauran na'urar lafiya lau take, canja su kawai ake yi.

Ita kuwa IBM PC, gidan wutarta yana ba da bolt 5 da bolt 12, kuma an yi shi da dabarar kashe kansa in ya ji wuta ta haɗu a wani wuri. Mai jawo wannan galibi wata 'yar kwandansa ce mai kama da ƙwayar wake a kan babban allo ko a kan ɗaya daga katunan da aka soka masa. Mutum sai ya zaci gidan wuta ne ya mutu, alhali kuwa kare kansa yake yi.

MATAKI NA BIYAR: RAGE KAYA

Domin gano mai laifi, a kashe wuta, a cire abu ɗaya, ko kati ko ma'ajin faifai, a kunna a gani. In ba ta kama ba, a kashe, a cire na biye. Abin da aka cire na'ura ta farka, shi ne mai cutar. Amma fa kada a cire kome da kome a bar gidan wuta shi kaɗai, domin da yawa daga irinsu ba su tashi sai da abin da ke jan wuta a jikinsu. A riƙa rubuta inda aka ciro kowace waya.

ABIN TUNAWA

Da an ji wari ko an ga hayaƙi, a zare fulogi. Kada a sa faifai mai muhimmanci a na'urar sai an jarraba ta da wanda ba a damu da shi ba. In ta kama, aikin farko shi ne kwafe abin da ke cikin faifan zuwa wani wuri, gama na'urar da ta tashi yau ba ta yi alkawarin gobe ba. In kuwa an bi matakan nan biyar ba ta kama ba, a mayar da murfi, a rubuta abin da aka gani da abin da aka auna, a kai ta wurin mai gyara tare da takardar.