Darasin lafiya: Yaƙin da ake yi cikin ƙirjin yaro

Hunturu ya shigo ƙasar Gidan Rumji da ƙura da sanyi. Daga Tibiri har Cadakwari, gida-gida ana jin tarin yara. Wani tarin mura ce kawai. Wani kuwa ciwon huhu ne, mai kashe yaro cikin ƴan kwanaki.

Mene ne ke faruwa cikin ƙirji?

Cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi da ɓargo ke yi. Su ne dakarun jiki. Idan ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya suka shiga hanyoyin iska, dakarun nan sukan iso cikin ƴan awoyi. Suna haɗiye ƙwayoyin cutar, suna zuba musu dafi, suna kuma kiran ƴan'uwansu.

To amma manomi ya sani: idan shanu suka faɗa gona, masu kora su ma suna tattake hatsi. Haka abin yake a nan. Dafin dakarun yana taɓa naman huhu. Hanyoyin jini suna buɗewa, ruwa yana tsattsafowa, hanyar iska ta kumbura. Dakarun da suka mutu sun zama mugunya, su ke sa kaki ya yi kauri da kore.

Hanyar iskar yaro ƴar siririya ce. Kumburi kaɗan ya isa ya matse ta. Shi ya sa yaro ke numfashi da sauri.

Yaya uwa za ta gane?

A ɗaga rigar yaro sa'ad da yake kwance shiru. A duba agogo, a ƙirga numfashinsa minti ɗaya. Numfashi ya yi yawa idan ya kai:

60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba;
50 ga mai wata 2 zuwa 11;
40 ga mai shekara 1 zuwa 5.

Idan haka ne, ko kuma ƙasan ƙirji yana lotsawa, ko yaro ya ƙi nono, a kai shi gidan likita ran nan, kada a kwana.

Maganin tari na ƴan tebur ba ya kashe bakteriya. Likita yakan ba da amokisilin. A shanye shi duka ko da yaro ya ji sauƙi. Idan ƙwayoyin cuta suka ƙare, dakaru sai su janye, kumburi ya sace.

Rigakafi

A 2014 Nijar ta sa allurar ciwon huhu cikin rigakafin jarirai. A kai su kan lokaci. A ba jariri nono zalla har wata 6. A nisanta goyo daga hayaƙin murhu.

Tambayoyi

1. Ina ake yin fararen ƙwayoyin jini?
2. Me ke sa hanyar iska ta kumbura?
3. Yaro mai wata 8 yana numfashi 55 cikin minti ɗaya. Me za a yi?