Kafin ka biya kuɗin jirgin ruwan alfarma

Akwai tambayar da masu sha'awar hutu a teku ba sa gajiya da yi: wane jirgi ne ya fi kowanne alfarma? Galibi kuma mai tambayar ya riga ya yanke hukunci tun kafin ya buɗe baki. Ya ga bidiyo a TikTok ko Instagram, ƙaton jirgi mai hawa ashirin, ga wuraren ninkaya birjik, an kuma rubuta a ƙasa cewa mai "taurari bakwai" ne. Sai ya tura wa ejan tafiye-tafiye hoton ya ce, "Wannan nake so, nawa ne?" Daga nan kuskure ke farawa, kuma kuskure ne mai tsada, domin maganar dubban daloli ake yi, ban da kuɗin jirgin sama da na biza. Batun taurarin bai ma cancanci dogon bayani ba. Babu wata hukuma ta duniya da ke raba wa jiragen ruwa taurari. Hukumomin da ke akwai lafiyar jirgi da tsaron rayuka da tsabta suke dubawa. Taurari shida ko bakwai da ake liƙawa a talla, ko dai kamfani ne ya ba kansa, ko wani mai rubuta littafin jagorar matafiya ne ya bayar bisa ra'ayinsa. Duk ejan da ya fara maka da ƙirga taurari, ka san ba shi da abin faɗa game da jirgin.

Maganar girma ce ta fi damuna, domin ita ta fi kama zukatan mutane. A teku, jirgin da ya fi girma shi ne na gama-gari, an gina shi ne don a kwashi jama'a da yawa a sauƙaƙa farashi. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinjoji kusan 7,600 idan ya cika maƙil, ma'aikatansa kuwa wajen 2,350. Seven Seas Explorer na kamfanin Regent kuwa mutum 750 ne iyakarsa, da ma'aikata kimanin 550. A na farko ma'aikaci ɗaya ne ke yi wa mutum uku hidima, a na biyu kuwa kusan ma'aikata uku ne ga kowane fasinja huɗu. Akwai ma'auni na biyu da masu sana'ar ke amfani da shi: a ɗauki adadin tan na jirgin, wanda faɗin cikinsa yake nunawa, a raba da yawan fasinjoji. Icon of the Seas yana da tan kusan 250,000, idan ya cika kowa zai tashi da 33. Seven Seas Explorer yana da wajen tan 55,000, kowa zai tashi da 73, ninki biyu da ɗoriya. Waɗannan alƙaluma suna nan a shafin kowane kamfani, minti biyar sun isa a yi lissafin. Jiragen Silversea, Seabourn, Explora Journeys da Ritz-Carlton duk a wannan layi suke, kowannensu yana ɗaukar ƙasa da mutum dubu.

Bambancin a jiki ake jin sa. Ƙarfe takwas na safe jirgi ya tsaya a gaban tsibirin Santorini na Girka, inda babu gaɓar da zai jingina, sai an yi fiton mutane a ƙananan jirage. A babban jirgi za a miƙa maka tikiti mai lamba, ka zauna a zaure kana jiran a kira rukuninku, bayan ka gama neman kujera a ɗakin karin kumallo da ya cika kamar Kantin Kwari ana jajibirin salla. A ƙaramin jirgi ka gama shan shayinka ka sauko, ka shiga na fito. Kafin kwana biyu mai kawo abinci ya san sunanka, ya san ba ka sa sukari. Ƙananan jirage kuma suna shiga inda manya ba sa iyawa: suna bin kogi har cikin garin Seville, alhali manya a Cadiz suke tsayawa a ɗebi mutane a bas. Amma kada a zuzuta abin fiye da kima. Tun watan Agustan 2021 Italiya ta hana jiragen da suka wuce tan 25,000 ratsa tsakiyar Venice, kuma hanin ya shafi yawancin jiragen alfarmar ma. In ka ga "Rum" a jerin tashoshi, Civitavecchia ake nufi, tazarar kusan kilomita 80 daga birnin, ko wane irin jirgi ka hau.

Wata jita-jitar kuma ita ce wai a jirgin alfarma "an haɗa komai", da ka biya shi ke nan. Kowane kamfani da abin da yake nufi da komai. Regent yana haɗa abin sha, da tukwicin ma'aikata, da intanet, da yawancin yawon kewaya gari a kowace tasha. Seabourn yana haɗa abin sha da tukwici, amma a tafiye-tafiyensa na yau da kullum yawon gari kai za ka biya. Silversea yana ba kowane ɗaki hadimi na musamman. Viking yana ba da yawo ɗaya kyauta a kowace tasha, sauran da kuɗi. Tsarin kuma yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, har ma daga wannan tikiti zuwa wancan a jirgi guda. Sannan farashin da ake tallatawa na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki. Wanda zai kwana shi kaɗai yana iya biyan kusan ninki biyu. A jiragen gama-gari kuwa, ana ɗora wa kowane fasinja tukwici na kimanin dala 16 zuwa 20 a kullum. A ce dala 18 ne, mata da miji, kwana goma: dala 360 ke nan da ba ta cikin tallan. Don haka kwatanta farashi biyu na talla aikin banza ne. Ka tara kuɗin ɗaki, da harajin tashoshi, da tukwici, da intanet, da yawon da za ka je da gaske, da jirgin sama, da otal na daren da ya gabaci tashi, ka raba da yawan kwanakin. Abin da ya fito shi ne farashin jirgin a wurinka.

A nan ne Musulmi mai karatu ya kamata ya buɗe ido. Kaso mai tsoka na wannan "komai" giya ce, mai tsada, ana zubawa daga hantsi har tsakar dare, kuma an riga an lissafa ta a cikin kuɗin ɗakinka. Wanda ba ya sha yana biya wa masu sha ne. Wannan kaɗai yana iya juya lissafi, ya sa kamfani irin Oceania, wanda ya yi suna wajen abinci kuma farashinsa bai kai na Regent ba, ya fi dacewa da shi. Viking ba shi da gidan caca a jiragensa, yawancin sauran kuwa suna da shi ko da ƙarami ne. Naman halal ba a ɗaukar sa a matsayin tabbas. A rubuta wa kamfanin makonni kafin tafiya, a tambayi naman, a tambayi girkin da ake sa wa giya a miya ko a kayan zaƙi, a kuma karɓi amsa daga kamfanin kansa. "Kada ka damu, Alhaji, akwai" daga bakin ejan ba amsa ba ce. Wanda wannan ya fi komai muhimmanci a wurinsa yana da Aroya na Saudiyya, da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, ba giya, ba caca, akwai wuraren salla. Sai dai jirgi ne mai ɗaukar mutum fiye da 3,000, don haka bisa ma'aunin da na kawo bai shiga sahun su Seabourn ba. Mutum ya zaɓa da saninsa.

Wani zai ce ai ƙaramin jirgi shiru ya yi masa yawa, mai iyali ina zai kai yara? Wannan magana gaskiya ce. Yawancin fasinjojin jiragen alfarma dattawa ne, ƙarfe goma sha ɗaya na dare wuri ya yi tsit. Viking ma ba ya karɓar wanda bai kai shekara 18 ba. Mai yara huɗu da ya kai su irin wannan jirgi ya takura su, ya takura kansa. Abin da ya dace da shi shi ne keɓantaccen sashe a cikin babban jirgi, irin Yacht Club na MSC ko The Haven na Norwegian: ƙofa mai kati, ɗakin cin abinci daban, wurin ninkaya daban, yara kuma su fita su yi wasansu a sauran jirgin. Haka nan gaskiya ne ƙaramin jirgi ya fi jin igiyar ruwa. Mai saurin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, ko da kuwa manyan ɗakunan da ke can sama ko a goshin jirgi sun fi ɗaukar ido. Wanda kuma zaman tekun kansa yake so, da sa kaya na musamman don liyafar dare, Queen Mary 2 na Cunard yana ratsa Atlantika tsakanin Southampton da New York cikin dare bakwai ba tsayawa.

Duk wannan bayan fage ne idan fasfonka bai yarda ba, kuma a nan ne na fi son a saurare ni. Tallace-tallacen kamfanonin nan an rubuta su ne don mai fasfon Amurka ko Ingila ko Jamus. Mai fasfon Nijeriya ko Nijar ko Ghana yana buƙatar ya bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar da izinin shiga kowace ƙasa. Cewa "ai ba zan sauka a can ba, a ɗaki zan zauna" ba ta fisshe ka, domin da jirgi ya shiga tashar ƙasa, kai ma ka shiga. A ranar tashi ake duba takardu, wanda bizarsa ba ta cika ba ana barin sa a bakin gaɓa da jakunkunansa, kuma sharuɗɗan tikiti sun ɗora alhakin a wuyansa, ba a mayar masa da ko sisi. Jirgi ya tashi daga Girka ya leƙa Turkiyya ko Montenegro ya komo Italiya: ka fita yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ka sake shiga, bizar shiga sau ɗaya ba ta isa. Jirgi ya tashi daga Southampton zuwa Norway: bizar Birtaniya daban, ta Schengen daban. Jirgin Alaska da ke tashi daga Seattle yakan tsaya na 'yan sa'o'i a Victoria ta Kanada, wannan ɗan tsayawar kuwa bizar Kanada yake nema. Dokokin kuma ba sa zama wuri ɗaya. A Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin bizar baƙi da take ba 'yan Nijeriya zuwa shiga sau ɗaya na wata uku. Ƙara da fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da katin rigakafin cutar shawara da ƙasashe da yawa ke tambayar wanda ya fito daga yankinmu. Kamfanonin alfarma sukan so a cika kuɗi wata uku zuwa biyar kafin tashi, tarar fasawa kuma tana hawa har ta cinye kuɗin duka. Wanda ya cika kuɗi alhali bai ko sami ranar ganawa a ofishin jakadanci ba, ya jefa dukiyarsa cikin hatsari da hannunsa.

Laifin da yawa na masu sayar da tikitin ne. Ejan da aikinsa tikitin jirgin sama da Umara ya wayi gari yana sayar da hutun teku, bai taɓa karanta sharuɗɗan kamfanin ba, ya karɓi kuɗi ta asusun kansa, ya ba mutum rasit da ba lambar rajista. Mu ma muna da namu: kunyar tambaya, kada a ce Alhaji yana ƙididdigar ƙananan kuɗi. Tambaya haƙƙin mai biya ce. Ka karɓi lambar rajistar, ka shiga shafin kamfanin da kanka ka ga sunanka da lambar ɗakinka. Babban suna ma ba garkuwa ba ne. A Janairun 2022 kamfanin Genting Hong Kong ya durƙushe, ya tafi da Crystal Cruises, wanda a lokacin yana sahun gaba a alfarma, har aka tsare jiragensa biyu a Bahamas kan bashin mai, masu kafin alƙalami suka shiga layin bin kuɗinsu. Sai a 2023 jiragen suka dawo aiki a hannun sabon mai shi. Shi ya sa yake da kyau a san wa ke bayan kamfani: Seabourn da Cunard na Carnival ne, Silversea na Royal Caribbean, Regent da Oceania na Norwegian, Explora na MSC. Biya da kati, in da hali, yana barin ƙofar neman haƙƙi a buɗe. Inshora kuwa dole ce, mai ɗaukar fasa tafiya da jinya da kwashe mara lafiya daga teku, domin asibitin jirgi kuɗinsa daban ne ko a jirgin da "aka haɗa komai".

Kada kuma a sayi tafiya saboda tasha guda. Kamfani yana da ikon sauya hanya, kuma yana yi: tun da hare-haren Bahar Maliya suka fara a ƙarshen 2023 jirage da dama suka soke bin Suez suka zagaya ta kudancin Afirka, a yankin Karibiyan kuma lokacin guguwa daga Yuni ne zuwa ƙarshen Nuwamba. Kafin ka miƙa kafin alƙalami, ka nemi ejan ya ba ka a rubuce jerin bizar da fasfonka ke buƙata tasha bayan tasha, da ranar cika kuɗi, da jadawalin tarar fasawa. In ya kasa kawo su, ka riƙe kuɗinka ka nemi wani.