Idan Yarinya Ta Fara Ƙirgen Dangi Da Wuri

Ya ku iyaye na Bibemi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har zuwa Garwa, ga wata magana da kunya ta hana mu yi a gidajenmu, kuma 'ya'yanmu mata ne ke ɗaukar nauyin wannan shiru.

Likitoci sun nuna cewa jikin 'ya mace yana soma sauyawa tsakanin shekara 8 da 13. Alamar farko ita ce ƙirgen dangi. Sau da yawa gefe ɗaya ke riga ɗaya fitowa, da ɗan tauri da zafi, sai uwa ta tsorata ta ce maruru ne. Ba ciwo ba ne, kada a matsa, kada a tsaga. Bayan kamar shekara biyu sai jinin haila ya biyo baya. Ke nan yarinyar da ta fara tana da shekara 9 tana iya ganin al'ada tun tana firamare, tana wasan gaɗa da 'yar carafke da tsaranta. Amma in alamun sun bayyana kafin ta cika shekara 8, a kai ta asibitin Bibemi, in ta kama a wuce babban asibitin Garwa. Balagar da ta yi saurin zuwa haka tana iya tsayar da tsawon yarinya, domin ƙashi yakan daina girma da wuri, wani lokaci kuma alama ce ta wata cuta da ke son magani.

To, wa zai faɗa mata? Mun san halinmu. Uwa ba ta ko kiran sunan 'yar fari, balle ta zaunar da ita a kan zancen jini. Ba mu ce a zubar da alkunya ba. Amma in bakin uwa ya yi nauyi, ai akwai goggo, akwai inna, akwai kaka wadda dama abokiyar wasa ce. Ɗaya daga cikinsu ta ja yarinyar ɗaki tun jinin bai zo ba, ta ce mata, “'Yar nan, wata rana za ki ga jini. Ba rauni kika ji ba, ba laifi kika yi ba, kowace mace haka take. Ranar da kika gani, ki zo ki faɗa mini.” Yarinyar da ba a faɗa mata ba takan ɓoye zanenta, ta yi kuka a bayan gida, ta je ta nemi bayani wurin ƙawar da ba ta fi ta sani ba.

A nuna mata yadda ake ƙunzugu. In da halin sayen audugar mata, madalla. In babu, tsumma mai tsabta ya wadatar, muddin ana sauya shi, a wanke da sabulu, a shanya a rana ya bushe ƙayau, ba a cusa shi ƙarƙashin katifa da danshi ba. A ƙara mata wake da zogale da hanta da kifin Lagdo, saboda jinin da take zubarwa. A koya mata wankan tsarki, da cewa azumi ake ramawa ban da salla. Babin haila yana nan cikin Ahalari da ake karantawa a zaurukanmu, malamai ba su ji kunyar rubuta shi ba.

Akwai ɓarna iri biyu da tsoro ke jefa iyaye a ciki. Ta farko ita ce danne ƙirjin yarinya da dutsen niƙa ko muciya mai zafi, wai don kada maza su lura da ita. Binciken da hukumar GTZ ta Jamus ta bayyana a 2006 ya nuna kusan mace ɗaya cikin huɗu a Kamaru an yi mata haka. Abin ya fi yawa a kudu, amma ba mu so ya sami gindin zama a nan. Ƙuna yake jawowa da ƙurji, ba ya hana komai. Dokar hukunta laifuka ta 2016 ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5 ga mai hana wata gaɓa ta jiki girma.

Ta biyu ta fi kusa da mu, wato a ce tunda ta fara al'ada ta isa aure, a cire ta daga makaranta. Jiki ne ya yi gaba, hankali yana nan na yarinya, ƙugunta ma bai gama buɗewa ba. Haihuwa a wannan hali ita ke kawo doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Dokar nan ta 2016 ta hukunta wanda ya aurar da yaro ko yarinya da ba su kai shekara 18 ba.

Ku kuma iyaye maza, naku aikin ba mai wuya ba ne. Ku ba da kuɗin sabulu da auduga ba tare da dogon bincike ba, ku tsawata wa 'yan'uwanta maza masu yi mata ba'a, ku rage mata tallan dare. Ke kuma uwa, in 'yarki ta kai shekara 8, yau ɗin nan ki aika a kira goggonta.