Kafin Ka Sayi 'Yan Tsaki, Ka Fara Tambayar Unguwa

Duk wanda ya zauna hira a hostel ya san maganar ba ta wuce ɗaya: idan an gama ND ko HND, aikin gwamnati babu, sai a kama kiwon kaji a bayan gida. Shawara ce mai kyau. Sai dai yawancinmu da kuɗin 'yan tsaki da na abinci muke fara lissafi, mu manta da tambayar da ta fi su nauyi: a ina kajin za su zauna? Ni a wurin gwaggona na koyi wannan darasi, ba a aji ba.

Gwaggo ta fara da kaji 20 masu ƙwai a gidan haya a Tudun Wada, Kaduna. Babu wanda ya ce mata uffan, har ƙwai maƙwabta ke saye a wurinta. Da ta ga riba sai ta kai su 100. Damina na sauka, dusar katakon da aka shimfiɗa ta jiƙe, wari ya tashi, ƙudaje suka cika tsakar gida. Aka kai ƙara gun mai unguwa, duba-gari ya zo, daga ƙarshe mai gidan ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ko ke ko kajin." Wata uku ya ba ta.

Dokokin da ke kan mai kiwo

Abin da na fahimta shi ne, doka hawa uku ce. Ta farko ita ce ta ƙasa da gini. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama a kai. A Kaduna, KADGIS ke kula da takardun fili, KASUPDA kuma ke ba da izinin gini; a Kano KNUPDA ke wannan aiki na biyu. Filin da aka ba ka don gidan zama, ba ka da ikon mayar da shi gidan gona kai tsaye sai da izini.

Ta biyu ita ce ta tsafta da lafiya. Wannan ba wasa ba ce. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a Jaji, nan jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, aka kuma hallaka kaji masu ɗimbin yawa a ƙasar. Don haka idan jami'i ya ce kada a cusa kaji inda yara ke wasa, ba mugunta ba ce.

Ta uku ba a rubuta ta ko'ina ba, amma ita ta fi saurin korar mutum: yardar mai gida da haƙurin maƙwabta. Ita ta kori Gwaggo.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne. A birnin Niyok na Amurka an yarda mutum ya ajiye kaji mata a gida, amma an hana zakara saboda cara. Kowane gari da abin da ya tsaya masa a wuya.

Lissafin bayan gari

Gwaggo ta koma wajen Rigachikun, inda haya ke da sauƙi kuma ga fili. Ni na taya ta kwashe keji. Muna murna an rabu da fitina, ashe wani lissafin ke jiran mu. Ku ɗauki biro mu yi shi tare.

Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 100 ke nan kilo 11 zuwa 12, wato buhu mai kilo 25 kwana biyu ne kacal. A wata kana neman buhu 14 ko 15. Ruwa kuwa suna shan kusan ninki biyu na abin da suka ci, jarka ɗaya mai lita 25 a rana, a watan Afrilu ma ta fi haka. Idan sun kama ƙwai sosai, ka samu 75 zuwa 80 kullum. Tunda kiret 30 yake ɗauka, a wata kiret 75 zuwa 80 ke nan.

To, duk buhunan nan sai an ɗauko su daga gari, duk kiret ɗin nan sai an kai shi gari. A Tudun Wada, mai shayi da mai indomi da ƙafarsu suke zuwa. A sabon wuri sai an ɗauki keke, hanya kuma ba kwalta, ƙwai na fashewa. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tsalle, masara da waken suya suka bi shi, alhali abinci shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo. Wata rana ta ce min, "Ɗan nan, abin da na tsira da shi a haya, mai keke na miƙa wa."

Shi ya sa za ku lura ƙananan masu kiwo ba sa zama tsakiyar gari, ba sa kuma nutsawa can ƙauye. A gefen gari suke taruwa, kusa da babban titi. Cikin gari doka da haya sun tura su, ƙauye kuma nisa ya dawo da su.

Abin da ya cece ta

Abu biyu ne. Ta haɗa kai da wasu mata uku masu kiwo, suna ɗaukar mota ɗaya su sayo abinci, su raba kwalbar rigakafin Lasota da Gumboro tunda ba a ajiye ta bayan an buɗe. Sannan kashin kajin da ya jawo mata ƙara a cikin gari, a nan manoma ke layi su saya don taki. Abin da yake ƙazanta a wata unguwa, kuɗi ne a wata.

Don haka kafin ka tura kuɗin 'yan tsaki, ka amsa waɗannan: Mai gida ya yarda, kuma an rubuta a takardar haya? Takardar filin me ta ce? Ina za ka kai kashin kaji da damina? Ruwa na rijiya ne ko na 'yan ga-ruwa? Nawa ne kuɗin kai kiret ɗaya ga mai saye? Idan amsa biyu suka gagara, ka fara da kaji 20, ka kuma riƙa aika wa maƙwabta ƙwai lokaci-lokaci. Gwaggo ta ce da ta yi haka tun farko, ƙila da ba a kai ga mai unguwa ba.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa albarka a abin da za mu kama bayanta.